Lissafin Ruwan Sama Wuri Da Wuri: Jawabi Ga Jama'ar Tsohuwar Maiduguri

Jama'a, kowane manomi ya sani hadari ya kan zubar da ruwa a Tsohuwar Maiduguri ya bar Konduga a bushe. Saboda haka awon ruwan sama ba ya da amfani sai an san wurin da aka yi shi.

Ga yadda aikin ya ke. A tashar awon yanayi ta filin jirgin saman Maiduguri a kan auna ruwan da ya sauka, da zafin rana, da ƙarfin iska. Sa'an nan a shigar da su cikin kwamfuta tare da kwanan wata da lambobin da ke nuna mazaunin tashar a taswira. Ita kuwa kwamfuta sai ta jera su shekara bisa shekara, ta gwada su da hotunan tauraron ɗan'adam, har a gane lokacin da damina ta saba kankama a wurin, da lokacin da ruwa ya kan ɗauke. Da irin wannan lissafi ne Hukumar NiMet, wadda aka kafa a 2003, ta ke fitar da hasashen damina kowace shekara.

Borno ta sha farin 1973 da na 1984. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa na Maiduguri.

Don haka lalle ne manomi ya nemi hasashen yankinsa wajen malamin gona ko a rediyo kafin ya zuba irin geronsa, kada yayyafin farko ya ruɗe shi iri ya ƙone a ƙasa. Mazauna bakin kogin Ngadda kuma su kasa kunne ga gargaɗin ambaliya.