Tara da lanho cikin wasan Skyrim



Masu buga Skyrim cikinku sun san abin da za ni faɗi. Wasan ya fito a 2011. An raba ƙasarsa yanki tara, kowane da sarkinsa da dogarawansa. Ka bugi mutum, dogari ya tare ka: zinari 40. Ka kashe, 1000. Ko ka biya, ko gidan kaso. Farashin sananne ne, ba ya hawa don an ga rigarka sabuwa.

Har gado ana cire ma lanho. In abokinka ya mutu ya bar maka kuɗi, sarki na ɗaukar kashi goma cikin ɗari, amma a rubuce: ga abin da aka bari, ga abin da fada ta cire. Mai kabu-kabu da aka karɓe ma jika bakin titi ba resi, wannan takardar ce yake nema.

To amma kada mu yabi wasan da yawa. Wanda ya tara zinari 50,000, mene ne 1000 gare shi? Ya kashe, ya biya, ya wuce kasuwa. Talakan da ya fara wasa jiya kuwa, kashe kaza na iya kai shi kaso.

Kuma in sarki ya naɗa ka sarautar Thane, kana iya ce ma dogari ya tuna ko kai wane ne, sai ya yafe maka, sau ɗaya. Wallahi wannan maganar ba a Skyrim munka fara jin ta ba.