Adamu Halilu, daraktan da ya ɗauki labarinmu kafin a haife mu

 Daga Burkusuma nake magana, ƙasar Gobir, inda sabis ɗin waya yake zuwa in ya ga dama, shi ya sa wannan shirin ya makara.

Yau marigayi Alhaji Adamu Halilu za mu tuna, Allah Ya jiƙansa. Na san da yawanku za ku ce wane ne kuma wannan? Ba laifinku ba ne. Ya rasu sama da shekara 20 da suka wuce, kuma ba a sa hotonsa a Facebook kamar yadda ake yi wa taurarin yanzu. An haife shi a Garkiɗa ta jihar Adamawa a 1936, ya koyo aikin fim a Landan, ya dawo ya yi aiki a sashen fina-finai na gwamnatin Arewa, lokacin da ake yawo da majigi ƙauye-ƙauye ana haska wa mutane fina-finan wayar da kai a bangon makaranta ko ƙofar fada. Daga baya shi ya fara riƙe hukumar fina-finai ta ƙasa.

Amma aikin da ya sa nake maganarsa shi ne Shehu Umar, na 1976. Ku lissafa, shekara 14 ke nan kafin Turmin Danya na 1990, wanda ake cewa daga shi Kannywood ta faro. Labarin daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa aka ɗauko shi, Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shehu, aka kuma nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas.

To mene ne a ciki? Malami ne a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya buɗe musu ciki. Ashe tun yana ƙaramin yaro aka sace shi, ya yi ta shiga hannu yana fita, har ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya ƙetara hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu. Wannan ɓangaren mutane suka fi riƙewa, wato bawa ya zama shehi. Ni kuwa uwar ce ba ta barina in yi barci. Matar nan ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ita ma aka kama ta aka sayar, ta sha wuya shekara da shekaru, ba ta fasa tambaya ba. Da ƙyar suka gana, kuma ba ta daɗe ba bayan nan ta cika.

Don Allah ɗan Sabon Birni ko ɗan Isa, wannan tarihi ne a wurinka? A nan wace unguwa ce babu uwar da ke jiran waya daga daji? An sayar da gona, an sayar da shanun huɗa, an bi dangi ana tara kuɗin fansa. Wasu sun tsallaka Gidan Rumji da Maraɗi da abin da suka iya ɗauka a ka. A 2024 har Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka ɗauke a hanya, kuma bai dawo ba. Allah Ya gafarta masa. Abin da Halilu ya ɗora a majigi a matsayin labarin zamanin bauta, mu da shi muke kwana muke tashi.

Abin haushin, yawancinmu ba mu taɓa ganin fim ɗin ba. Shekaru da dama an ɗauka ya ɓata. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai, da ƙoƙarin Didi Cheeka, wani mai harkar fim daga Legas. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Kun ji fa. Bajamushe ya zauna a kujera mai laushi ya kalli fim ɗin Hausa na sama da awa 2, mu masu harshen muna jin labari. Ban ce sun yi laifi ba, su suka kashe kuɗi suka ceto shi. Namu ne suka bar gwangwanayen fim cikin ƙura.

Akwai ma wanda ya fi kusa da mu, Kanta of Kebbi, da ya yi a 1978 kan Muhammadu Kanta, lokacin Kabi tana cikin jihar Sakkwato. Tambayi duk wani matashi a Sakkwato ko Argungu ko ya taɓa ganinsa, ka ji amsa.

Roƙona ga daraktocinmu na yanzu, masu fina-finai masu dogon zango a YouTube: ku nemi Shehu Umar ku zauna ku kalla. Ban hana soyayya da rikicin kishiyoyi ba, ni ma ina kallo. Amma mutumin nan ya juya kyamara ga uwar da aka raba da ɗanta, da Hausa, tun babu kwamfuta. Irin waɗannan iyaye suna nan a tashar Sabon Birni duk ranar kasuwa, ba sai an ƙirƙiro su ba.

Wanda yake da dattijo a gida da ya kalli fim ɗin a sinima a wancan lokacin, ya tambaye shi abin da ya tuna, ya turo mana da murya. Za mu sa a shiri na gaba in sabis ya bari. Sai mun sake haɗuwa.