Ƙungiyar Samari da Asusunta

Lacca ga masu koyon karatu na ƙasar Sabon Birni da Isa

Ina yi muku barka da ƙoƙari, gama ba ƙaramin abu ba ne magidanci ya yini a gona, sa'an nan da maraice ya zo ya zauna bisa tabarma yana koyon baƙi da wasali. Abin da na ke so mu duba yau shi ne ƙungiyoyin samari na ƙauyuka: mene ne amfaninsu, me ke kashe su, ta wace hanya kuma za su sami abin da zai riƙe su. Da yawanku kun wuce samartaka, amma ba wanda ba shi da ɗa ko ƙane a cikinta. Saboda haka maganar ta shafi kowa.

Abin da muka gada

Kada wani ya ce ƙungiya baƙon abu ce da Turawa suka kawo. Ku dubi tarihin ƙasarku. An ci Alƙalawa a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma Ɗan Halima ya taso da jama'arsa, wajen 1860, ya kafa Sabon Birni a bakin gulbi. Mutanen da suka sake gari sau da yawa haka, ba su da abin dogara bayan Allah sai haɗa hannu. Ganuwa ba ta ginuwa da hannun mutum ɗaya, rijiya ma haka.

A wancan zamani ko wane gari yana da Sarkin Samari, da shi da mataimakansa. In tsoho ya kasa, ko mai gona ya kwanta ciwo a tsakiyar damina, sai a kira gayya. Samari su fito da hauya da kalme, makaɗi yana binsu da ganga yana kiran ko wane da kirarinsa, kafin azahar an gama noman da zai ci mutum ɗaya kwana goma. Ladansu fura da tuwo da goro. In kaka ta yi aka ɗaure amfanin gona, sai kokawa da dambe da kalankuwa. A wasan kalankuwa samari su kan naɗa nasu sarki, da alƙali, da dogarai, har da gwamna da joji, su yi shari'a, su ci tara, jama'a na dariya. Wasa ne, amma a cikinsa yaro ya ke koyon yadda a ke tsayawa gaban mutane a yi magana, da yadda a ke bin na gaba, da yadda a ke riƙe kuɗin da ba naka ba.

Amfaninta a yau

Kun fi ni sanin halin da ƙasar nan ta shiga. Tun wajen 2019 mutane da yawa daga ƙasar Sabon Birni da Isa suka ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi domin gudun 'yan bindiga. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A 2021 an ɗora wa garuruwa haraji na zalunci, aka bar gonaki da yawa ba shuka. A watan Agusta na 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba mu lafiya da zaman lafiya.

To, a irin wannan hali ina saurayi zai sa kansa? Gona ta yi nisa, kasuwa ta yi rauni, aure ya yi tsada. Wani ya tafi cin rani Kurmi bai komo ba. Wani ya tafi haƙar zinariya. Wani yana zaune a bakin tasha, ba aiki, ba mai tambayarsa inda ya kwana. Wannan na ƙarshe shi ne abin tsoro, gama mai sayar da ƙwaya yana nemansa, mai neman ɗan rahoto a cikin gari shi ma yana nemansa, kuma dukansu da kuɗi a hannu su ke zuwa. Yaron da ya ke da ƙungiya kuwa, akwai mutum ashirin ko talatin da za su lura ran da bai zo taro ba. In matarsa ta haihu akwai masu kama masa ragon suna. In ya kwanta akwai masu kai shi asibiti. Wanda ya san yana da wannan, ba ya saurin sayar da kansa. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Har wa yau, in ƙungiya ta buɗe ƙofarta ga ko wane ɗan gari, Bagobiri da Bafillace da Buzu, ta yi aikin da bindiga ba ta iya yi. Mutanen da suka yi gayya tare, suka ci a akushi ɗaya, da wuya wani ya zo ya ce musu su maƙiyan juna ne su yarda.

Me ke kashe ƙungiya?

Yawancin ƙungiyoyi ba faɗa ke kashe su ba, kuɗi ne. Ko dai kuɗin na wani ne, ran da ya janye hannunsa a watse, ko kuwa na 'yan ƙungiya ne amma ba a san inda ya shiga ba.

Ga misali daga maƙwabtanmu. Seyni Kunce ya karɓi mulkin Nijar a 1974. Ya ga ƙarfin samari, sai ya ta da tsohuwar al'adar nan da sunan Samariya, aka kafa ta gari gari, unguwa unguwa. Sun yi aiki ƙwarai. Sun gina ɗakunan makaranta, sun dasa itatuwa, sun share garuruwa, ana kuma tara su bikin samari na ƙasa duka. Amma gwamnati ce ke riƙe da linzami, ita ke ba da umurni, ita ke ɗaukar nauyi. Kunce ya rasu a 1987. Da aka yi babban taron ƙasa a 1991, aka shiga siyasar jam'iyyu da yawa, sai Samariya ta rasa mai riƙe ta, ta yi sanyi. Samarin ba su ƙare ba, aikin ma bai ƙare ba, amma gindin da aka dasa ta a kai ba nata ba ne. Zanen aro ba ya rufe katara.

A nan ƙasarmu kun ga irin wannan a ƙaramin sikeli. Zaɓe ya matso, ɗan takara ya aiko da riguna da ƙwallo da 'yan kuɗi, a sa wa kulob sunansa. Zaɓe ya wuce, ba a sake ganinsa ba, samari kuwa sun rabu biyu saboda rabon abin da ya bayar. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Yanzu ga wani misali daga wannan jihar Maraɗi. A 1991 wata ƙungiyar agaji mai suna CARE ta fara wani shiri da matan ƙauyuka, aka kira shi Mata Masu Dubara. Ba a raba musu kuɗi ba, hanya aka nuna musu. Mata kamar ashirin ko talatin su taru ko wane mako, kowa ta zuba abin da aka yarda a kai, a ba mai bukata rance daga ciki, in shekara ta kewayo a fasa a raba. Asalinsa adashin da iyayenmu mata suka sani ne, aka ƙara masa ƙa'ida. Wannan dabara ta bazu daga Maraɗi zuwa ƙasashe da yawa na Afirka har da wajenta, inda a kan ajiye kuɗin a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku dabam dabam, ba a buɗewa sai gaban kowa. Ku gwada biyun nan. Samariya tana da gwamnati a bayanta, ta kwanta. Asusun mata ba shi da kowa sai masu zubi, ya rayu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A Ingila ma haka abin ya faro. A 1921, a wani ƙauye na ƙasar Debon, wani kamfanin sayen madara ya sa 'ya'yan manoma gasar kiwon maruƙa. Daga nan kulob ɗin samarin manoma ya fara, ya yaɗu, har a 1932 suka haɗu ƙarƙashin inuwa ɗaya. Ku lura, da ɗan maraƙi aka soma, ba da babban gini ba, kuma ko wane ɗan kulob yana biyan kuɗin shekara daga aljihunsa.

Ta ina kuɗi zai fito?

Na fari, zubi. A misali, samari 30 ne, kowa ya kawo naira 200 ran taro ko wane mako. Mako ɗaya naira 6,000 ke nan. Mako 50 ya zama naira 300,000. Ba wanda ya ji ciwon fitar da ita, amma ga ta ta taru. A yanka zubi daidai ƙarfin mafi talauci a cikinku, domin kada kunya ta kore shi. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo tiyar gero da kaka, a rubuta masa.

Na biyu, ƙarfin jiki. Gayyar tsoho da marar lafiya da gwauruwa ta zauna kyauta yadda aka gada. Amma mai hali da ke neman 'yan ƙodago, ƙungiya ta karɓi aikin da jinga, a raba wani kashi, wani kashi ya shiga asusu. A kuma roƙi mai gari ya ba da aron fili a fadama kusa da gari. Ga Bunsuru, ga Rima, ruwa bai yi muku nisa ba. Albasa da tattasai da shinkafar rani suna iya riƙe ƙungiya.

Na uku, kada a bar kuɗi kwance. Takardar kuɗi tana ramewa a cikin akwati ko ba wanda ya taɓa ta. A farkon 2023, bayan an sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, waɗanda suka tara tsofaffi sun sha wahala. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, kaya suka tashi. A 2024 lissafin gwamnati da kansa ya nuna tsadar kaya ta ƙaru fiye da kashi 30 cikin 100 a shekara. Watau abin da naira 100 ta saya a 2023, a 2024 sai da aka ba da 130 ko fiye. Saboda haka a juya kuɗin. A sayi gero da kaka yana araha, a sayar wa 'yan ƙungiya da bazara da riba kaɗan, ƙasa da farashin kasuwa, su huta da bashin 'yan kasuwa. A sayi rago a turke shi domin Layya. A sayi farantin hasken rana a riƙa cajin waya. Wannan riba ce ta ciniki, ba ta ba da kuɗi da ruwa ba, ba kuwa mai jin nauyinta a zuciya.

Amma ku yi la'akari da zamani. Rumbu yana cin wuta, dabba ana kora ta. Kada a tara dukiyar ƙungiya wuri ɗaya. Kashi a hatsi, kashi a dabba a gidaje dabam dabam, kashi a banki da sunan ƙungiya, wanda ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Kada a yi shelar abin da ke asusu a kasuwa. Kada kuma a gama kuɗin ƙungiya da sha'anin makami. Tsaron gari magana ce ta sarakuna da hukuma, tana da nata tsari. Ran da asusun samari ya zama na sayen bindiga, ya daina zama inuwar kowa.

Littafi da alƙalami

Yanzu na zo kan abin da ya sa na kawo muku wannan magana, ku masu koyon karatu. Ƙungiya ta kan mutu ran da ma'aji ya ce dubu arba'in ne, wani ya ce shi dai ya san hamsin ne. Watakila ba wanda ya ci ko kwabo, mantuwa ce kawai, amma zato ya riga ya shiga, zumunci ya ɓaci. Maganin wannan littafi ne na naira kaɗan. Ku tambayi malaman garinku, za su gaya muku aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Ga yadda za a yi. A sami ma'aji dabam, magatakarda dabam, kada mutum ɗaya ya riƙe akwati da littafi. A buɗe littafin, shafin dama abin da ya shigo, shafin hagu abin da ya fita, ko wane da ranarsa da sunan mai shi. A ƙarshen ko wane taro magatakarda ya karanta da ƙarfi, a ƙidaya kuɗin a kan tabarma gaban kowa. A shafin fari a rubuta dokoki: nawa ne zubi, nawa ne tarar makara, nawa a ke ba wanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa, yaushe a ke sake shugabanni. Shekara shekara a kira dattijo biyu masu karatu, waɗanda ba 'yan ƙungiya ba, su bi lissafin daga fari har ƙarshe. Ku ne waɗannan dattawa. In ƙungiya ta yi shekara biyu ko uku da littafi mai tsabta, tana iya zuwa a yi mata rajista ta zama ƙungiyar gama kai, gama tun 1935 akwai dokar wannan a Nijeriya. A sa'an nan in taimako ya zo daga gwamnati ko wani mai alheri, a karɓa da godiya, a rubuta, ya zama ƙari a kan abin da ke akwai. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Saboda haka, jama'a, in kun koma gida, kowa ya tambayi samarin unguwarsa abu uku. Kuna da ƙungiya? Kuɗin da ke cikinta naku ne? Wa ke rubutawa? In ba mai rubutawa, ka ce ga ka, ka zauna da su har ɗayansu ya iya. Karatun da ka sha wahala ka koya da furfura a gemu, ga wurin da zai fara biyanka.

Allah ya shirya mana zuriya, ya kawo damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalam.