Ƙurar Bola da Maganin da Ya Daina Ci



Maganarmu yau kan bolar bayan kasuwa ce. Can ake watsar da ragowar kafso da kashin kaji, can ƙwayoyin cuta ke sabawa da magani har ya daina cin su. In ana kwasar shara, musamman da hunturu, ƙura ke ɗauko su, mu shaƙa, su sauka kan tumatirinmu. A 2019 kaɗai, irinsu sun kashe mutum sama da miliyan 1.2 a duniya.

To, mu rufe kayanmu, mu sa takunkumi ranar kwasa, kada mu sha kafso sai likita ya rubuta. Mu kuma je ƙaramar hukuma tare, a matsar da bolar nan. Allah ya ƙara lafiya.