Pasolini da Harshen Talaka



A 1942, lokacin da gwamnatin Musolini ke son kowa ya yi Italiyanci iri ɗaya, wani saurayi ɗan shekara 20 ya buga ɗan littafin waƙoƙi da harshen Kasarsa, garin mahaifiyarsa a yankin Firiyuli. Harshen manoma ne, wanda masu ilimi ke yi wa kallon hadarin kaji. Saurayin shi ne Pier Paolo Pasolini, haifaffen Bolonya a 1922. A ganina, duk faɗan da ya yi a rayuwarsa nan ne tushensa.

Ba zan yi muku ɓoye-ɓoye ba. A 1949 an zarge shi da lalata da samari, ya rasa aikin koyarwa, Jam'iyyar Kwaminis ta kore shi. Sai ya ɗauki mahaifiyarsa suka koma Rum, ya tare a unguwannin bayan gari cikin 'yan zaman kashe wando da ɓarayin aljihu. Ya kasa kunne, ya koyi maganarsu. Fim ɗinsa na farko, Accattone, na 1961, da irin waɗannan mutane ya yi shi, yawancinsu ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, suna magana da bakinsu na unguwa.

Kotu ta yanke masa wata huɗu a 1963 bisa laifin cin mutuncin addini a fim ɗin La ricotta. Shekara na zagayowa sai ga shi da fim a kan Annabi Isa bisa Linjilar Matta, har wata ƙungiyar Katolika ta ba shi lambar yabo. Ya ɗauki wani ɓangarensa a Matera, garin kogunan dutse a kudancin Italiya. Ku lura da fuskokin da ya zaɓa: manoma da rana ta gasa, goshi duk tamoji. Mahaifiyarsa ce ta fito a matsayin Maryamu a tsufanta.

Da ya je Yaman, inda daga baya ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa Dare Dubu da Ɗaya, tsoffin gine-ginen Sana'a suka kama zuciyarsa, ya yi gajeren fim yana roƙon UNESCO ta cece su. Duk wanda ya ga yadda badalar Kano ke zubewa ya san wannan ciwo.

A 1975 ya rubuta a jaridar Corriere della Sera cewa ƙwarin nan masu ƙyalli da dare sun ɓace daga ƙauyukan Italiya, gurɓatar iska da ruwa ta gama da su. Tsohuwar rayuwar talakawa yake nufi. A wurinsa, abin da Musolini ya kasa da bulala, talabijin da son kayan kanti sun yi shi cikin ruwan sanyi: ɗan manomi ya fara jin kunyar harshen uwarsa. Wani lokaci yakan wuce gona da iri, kamar talauci abin sha'awa ne, amma cutar ya gano ta.

Ranar 2 ga Nuwamba 1975 aka tsinci gawarsa a Ostiya, an yi masa jina-jina, an bi ta kansa da motarsa. Wani yaro ɗan shekara 17 ya amsa laifin, aka ɗaure shi. A 2005 ya fito ya ce ba shi ya kashe shi ba.