Idan Jariri Ya Yi Kwanan Suna A Asibiti

Jawabin da aka karanta wa 'yan Jam'iyya a Small Heath, Birmingham, bayan sallar La'asar.

 

 Abin da ya sa muka tara ku yau shi ne, a 'yan watannin nan gida fiye da ɗaya a cikinmu Allah ya ba su haihuwa, uwa ta komo gida, jariri kuwa aka riƙe shi a asibiti. Ba za mu ambaci sunan kowa ba. Kada kuma wani ya zaci baƙon abu ne. Ƙungiyar Bliss, wadda ke kula da irin waɗannan jarirai tun 1979, ta ce cikin kowane bakwai da aka haifa a ƙasar nan, ɗaya sai an kwantar da shi a ɗakin jinyar jarirai. Fiye da rabinsu ma ba bakwaini ba ne, watanninsu sun cika, ciwo ne ya same su.

Kowa ya san yadda ake yi a gida, ko a Zangon Kumasi, ko a Nima, ko a Kano. Mace ta haihu, uwarta da gwaggonninta suna kanta, wata na hura wuta, wata na dama kunu, masu barka suna shiga suna fita har ranar suna. Nan kuwa bayan kwana biyu ko uku sai a sallami mai ɗanyen jego, watakila da ɗinki a cikinta, ta riƙa bin mota cikin sanyi zuwa Heartlands a Bordesley Green, ko Asibitin Mata na Edgbaston, ko kuwa Asibitin Yara da ke Steelhouse Lane in aiki za a yi wa yaron. In babu gado a nan, akan kai jariri wani gari dabam. Uwarta tana can gida, sai dai waya. To, mu ne uwarta, mu ne gwaggonninta. Sai dai yadda muka saba nuna ƙauna, watau mu ɗunguma mu cika ɗaki, ba shi ne zai amfane ta a wannan hali ba.

Mu fara da zancen dubiya. Jaririn da ke cikin kwalba ba shi da ƙarfin da zai ture ciwo. Murar da za ta sa babba atishawa kwana biyu tana iya toshe masa numfashi, ƙurjin nan na zazzaɓi da ke fitowa a leɓe kuwa yana iya halaka shi. Shi ya sa ma'aikata ke ƙayyade masu shiga, suna sa a wanke hannu har gwiwa. Wanda aka tsai da shi a ƙofa kada ya yi fushi, kada kuma ya je yana cewa maigidan ya wulakanta shi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gama su da masu lafiya a mashaya. In an kiyaye wa raƙumi wannan, balle ɗan mutum wanda nauyinsa bai kai na mudun gero ba.

Haka kuma rubutu, da ruwan Zamzam, da zuma, da dabinon da akan tauna a shafa a baki. Niyyar masu kawo su kyakkyawa ce, ba mu musu. Amma yaron da ake ba shi nono ta siririn bututu ta hanci, ko wanda aka yi wa aiki a hanji, ɗigo ɗaya da likita bai sani ba yana iya ɓata aikin mako guda. Zuma ma an hana ba kowane yaro ita sai ya shekara. Rubutu uwa ta sha. Addu'a kuwa gilashi ba ya tare ta. Uba ya roƙi ma'aikaciyar jinya ta buɗe masa 'yar tagar kwalba ya yi wa ɗansa kiran salla a kunne, a hankali. Manyan asibitocin garin nan suna da liman Musulmi da ɗakin salla, a tambaya a kira shi.

Sai batun suna, wanda ya fi damun dattawa. Littafin Risala da muka karanta a zaure ya sa yankan rago a rana ta bakwai, wadansu malamai kuma sun ba da damar ta 14 ko ta 21. Raɗa suna kuwa ba ya jiran komai, gama Annabi ya sa wa ɗansa suna Ibrahim a daren da aka haife shi. Saboda haka a raɗa wa yaro sunansa a gefen gadonsa, a aika da kuɗin rago Kumasi ko Kano a yanka a raba wa mabukata, shi ke nan an sauke sunna. Kama zauren biki, da ɗinka anko, da dafa shinkafar mutum ɗari biyu, duk wannan al'ada ce, tana iya jira. Mun ji ana matsa wa wani uba wai ya yi taro don kada a ce ya gaza. Wa zai ce? Mai faɗin haka ya zo ya faɗa a gabanmu. Abin da ba ya jira shi ne rajistar haihuwa, wadda dokar Ingila ta ba ta kwana 42, ko yaro yana asibiti.

Iyayenmu mata, wannan naku ne. Dakashi, nonon farin nan da wadansu tsofaffi kan ce a zubar, shi ne maganin da likitoci suka fi nema wa bakwaini. Uwar da ɗanta ba ya iya kama mama dole ta riƙa tatsa kamar sau takwas a yini da dare, har da tsakar dare, a kai masa. Macen da ba ta ci ba, ba ta yi barci ba, ina za ta sami nono? Ashe tuwon da kuka tuƙa mata, da romon da kuka kai, yaron kuka ciyar. Amma a sassauta kanwa a kunu, a kuma bar wankan tafasasshen ruwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka gano cewa yawan kanwa da zafin wankan jego suna da hannu cikin ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

In nonon uwa bai isa ba, asibiti kan nemi izinin ba yaro na wata mace wanda aka tace aka ajiye. Nan hankalin iyaye kan tashi saboda 'yan'uwantakar shayarwa. Malamai sun saɓa. Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta hana a 1985, Majalisar Fatawa ta Turai kuwa ta halatta a 2004 saboda bukata. Iyaye su zauna da likita da malami su yanke, wanda ba ɗansa ne ke kwance ba ya kama bakinsa.

Yanzu kuɗi. Magani kyauta ne ga mazauna ƙasa, amma kuɗin mota, da abincin asibiti, da ranakun da ba a fita nema ba, su ke karya gida. Daga 6 ga Afrilu 2025 akwai sabuwar doka: jaririn da aka kwantar kafin ya cika kwana 28, ya kuma yi kwana 7 a jere, uwa da uba kowannensu yana da hutun aiki har mako 12, ban da hutun haihuwa da aka sani. Wanda ya yi mako 26 a wurin aikinsa, albashinsa kuma ya kai abin da aka ƙayyade, har biya ake yi masa. A gaya wa waɗanda ba su sani ba. Amma ku lura, dokar ta masu albashi ce. Mai tuƙa tasi na kansa, da mai kanti a Coventry Road, da mai ɗinki a gida, ran da ba su fita ba babu ko kwabo. Mu kuwa yawancinmu su ke nan. Annabi ya yabi mutanen Ash'ari saboda in abincinsu ya ƙaranta sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai. Masu adashi, ku ba mai jinya ɗauka tun layinsa bai zo ba. Maƙwabcin kanti ya buɗe masa, ya rubuta ciniki. Wanda ke binsa bashi ya ɗaga masa ƙafa. Kusa da Asibitin Yara akwai masauki mai suna Ronald McDonald House inda iyaye ke kwana kyauta, akwai irinsa a Manchesta, ta hannun ma'aikatan asibiti ake neman ɗaki.

Harshe ma a kiyaye shi. Ban da tambayar ko yaron zai tashi, ban da ba da labarin ɗan wance da ya rasu da irin wannan ciwo, ban da cewa jinin dangin uwa ne ko hannu aka sa. Hoton jariri da bututu a hanci kada a tura shi a WhatsApp. A ce, "Yaya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi," ya isa. Kuma kada a ce da Bahaushe, "In kana bukatar wani abu ka faɗa," don kunya ba za ta bar shi ba. A ce masa, "Gobe ni zan kai yara makaranta." Uban ma a duba shi, gama namiji yakan haɗiye abu har ya kwantar da shi. Wadda Turancinta bai nuna ba tana da ikon neman tafinta kyauta, kada a sa ɗanta na makaranta ya fassara mata maganar likita.

Wannan jinya ba ta mako guda ba ce. Bakwaini yakan zauna har wajen lokacin da ya kamata a haife shi, wanda ya zo a mako na 28 sai ya yi kusan wata uku. Makon fari kwanoni kan yi yawa har abinci ya lalace, a na huɗu kuwa shiru. Saboda haka mun raba takarda gida uku: masu girki, masu mota, da masu riƙon yara, kowa rana ɗaya a mako har a sallami jariri. Maza su ba da suna wurin magatakarda bayan Magariba, mata wurin shugabarsu. Gudunmawar kuɗi a miƙa wa ma'aji a rufe, ba za a karanta sunan kowa ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya abin da aka haifa. Malam zai rufe mana da addu'a.