Randar Makaranta da Moɗa Ɗaya: Magana ga Iyayen Yara a Ƙala'at an-Nahal

'Yan uwa makiyaya da ke shayar da dabbobi a bakin kogin Rahad, da ku fatake masu kai-komo tsakanin Gadarif da Gallabat har ku tsallaka Matama, barkanmu da warhaka. Yau maganarmu a kan yaran da kuke bari a baya ce, waɗanda ke makarantar gwamnati da waɗanda ke halwa gaban malam, da kuma su malaman da ke wuni tare da su.

Bari in fara da tambaya. Ranar da ka kai ɗanka makaranta, ka leƙa randar da zai riƙa shan ruwa? Yawancinmu ba ma leƙawa. Mu gaisa da malam, mu tambayi kuɗin littafi, mu juya. Alhali randar nan, wadda a nan muke kira zir, ita ce wurin da yaran makaranta gaba ɗaya suke haɗuwa. Moɗa ɗaya ce, kowa ya tsoma hannu har wuyan hannu ya ɗebo, ya sha, ya mayar da ragowar. Idan yaro ɗaya ya fito daga bayan gida bai wanke hannu ba, kuma akwai ƙwayar kwalara a cikinsa, kafin azahar ya raba wa aji uku.

Ba labarin nesa nake ba ku ba. A ranar 26 ga Satumba, 2023, ma'aikatar lafiya ta Sudan ta sanar da ɓarkewar kwalara, kuma a jiharmu ta Gadarif aka sanar da ita. A watan Nuwamba na shekarar aka zagaya da rigakafin da ake ɗigawa a baki. Ba a jima ba, a watan Agusta na 2024, aka sake sanar da dawowarta, ta taso daga wajen Kasala ta shigo mana. Tsakanin waɗannan biyun kun ga abin da ya faru da idonku. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, jama'a suka yi ta kwararowa gabas: na Khartum, sannan na Wad Madani a Disamban 2023, sannan na Sinja da Dindir a tsakiyar 2024. Ina aka sauke su? Da yawa a makarantu. Ba laifinsu ba ne, baƙi ne da wahala ta koro, kuma mun karɓe su. Amma masai ɗin da aka haƙa don yara su shiga da rana, sai ga iyalai suna amfani da shi dare da rana wata da watanni. Saboda haka duk makarantar da ta taɓa zama masaukin 'yan gudun hijira, kafin a mayar da yara, a fara duba ramin. In ya cika a rufe shi da ƙasa a haƙa sabo, kuma a nisanta shi da rijiya ko wurin ajiyar ruwa da aƙalla mita 30. Wannan aikin gayya ne, nafir ɗin kwana ɗaya ya ishe shi. Ba sai an jira wata ƙungiya ta zo da mota ba.

To, mu koma kan ruwa, don a nan ne ku makiyaya kuke da hannu. Ƙala'at an-Nahal ƙasar duwatsu ce, kowa ya san wahalar ruwanta da rani. Ƙauyuka da yawa da hafir suka dogara, ruwan damina da aka tara a rami. Daga hafir ɗin nan mai jaki yake ciko ganga ya kai makaranta, a bakinsa kuma wani yake tura garke ya shiga har gwiwa, wani ya tsuguna a bayan gaɓa, ruwan sama ya wanko ya zuba ciki. Na san amsar da za ku ba ni: saniya ma rai gare ta. Gaskiya ne. Amma a shayar da ita a kwami daga waje, a bar shingen hafir yadda yake. Shingen da ka ɓalle don ka rage tafiyar minti biyar, ɗanka ne zai sha abin da ya biyo baya.

Ruwan da ya iso makaranta kuma, kada a ce ai ya kwanta ya yi garau. Ƙwayar kwalara ba a ganinta da ido. A tace shi da tsumma mai tsabta, a jefa ƙwayar kulorin gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya nuna, a jira minti 30 kafin a sha. In babu kulorin a tafasa. A rufe bakin randa. A samo ludayi mai dogon hannu wanda da shi kaɗai ake ɗiba, kowane yaro kuma ya zo da kofinsa ko gorarsa daga gida. Kai ɗan kasuwa da ke sayo kaya a Gadarif, kofin roba nawa yake? Sabulu sanda ɗaya fa? Sadakar da za ka kai halwa ranar Juma'a, wani lokaci ka mayar da ita sabulu da buta. In sabulu ya yanke, toka ma tana aiki, ta fi wanke hannu da ruwa zalla.

Kada a manta da lokacin fatur. Wajen hantsi yara suna fitowa su zagaye mata masu sayar da ful da ta'amiya a ƙofar makaranta. Ba korarsu za a yi ba, da wannan sana'ar suke ciyar da nasu 'ya'yan. A dai roƙe su su rufe abinci saboda ƙuda, su sayar da shi da zafinsa, kuma duk ranar da ɗaya daga cikinsu take gudawa ta huta a gida. Haka mai dafa wa almajirai asida, haka shi kansa malam. Mun saba ganin malamin da ke zuwa aji da ciwo a matsayin jarumi. A lokacin annoba wannan jarumtar cutarwa ce, kuma shugaban makaranta bai kamata ya riƙe shi da laifi ba don ya kwanta.

Yanzu a ce abin ya faru. Yaro yana aji, sai gudawa kamar ruwan wankin shinkafa, ga amai, ido ya faɗa, ka ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da wuri. Malam, kada ka ce ya je gida shi kaɗai, kada kuma ka ce a jira babansa ya dawo daga kasuwa. Kwalara tana iya kashe mutum cikin 'yan sa'o'i, kuma ƙarewar ruwan jiki ce ke kisan. A kwantar da shi gefe, nesa da sauran yara, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In akwai na leda da ake rabawa a asibiti, shi ya fi. In babu: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ba a tsibe cokalin. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da yana amai, ana ba shi ana tafiya da shi asibiti a karo ko a mota. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu, wurin da ya ɓata a zuba ruwan kulorin.

Ga wata magana da ba kowa ke son ji ba. Wani lokaci mu manya ne muke kawo cutar gida. Mutum ya kwana uku a tasha, ya ci a nan ya sha a can, ya dawo ciki na murɗa masa, ya ce canjin ruwa ne, ya zauna ya sa hannu a akushi ɗaya da yara. Washegari su tafi makaranta. Mutane da yawa da ke ɗauke da ƙwayar ba sa ma kwanciya, amma tana fita a bayan gidansu. In ka dawo daga tafiya da gudawa, ka ware kwanonka, ka wanke hannu da sabulu, ka kuma aika a gaya wa malam don ya sa ido. Ba abin kunya ba ne.

Sai ƙyanda. Ita ba ta ruwa ba ce, ta iska ce, kuma ba ta da na biyu wajen saurin kamu: cikin mutum goma da ba a yi wa rigakafi ba, in suka zauna da mai ita, kusan tara za su kamu. Yaro yana fara raba ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, lokacin da ake cewa mura ce da jan ido, kuma yana ci gaba har kwana huɗu bayan fitowarsu. Ku auna wannan da ɗakin halwa inda almajirai suke kwana kafaɗa da kafaɗa, ƙofa a rufe saboda sanyi. Yaran makiyaya su suka fi shiga haɗari, domin ranar da masu allura suka zo ƙauye, ruga tana Butana ko ta gangara kudu. Allurar ƙyanda sau biyu ake yi, ta farko a wata tara. Kafin ka damƙa yaro ga malam ka bi shanu, ka nemo katinsa. In babu kati, ko ba ka tuna ba, ka kai shi cibiyar lafiya ranar kasuwa ka faɗa musu gaskiya. Girma ba ya hana a yi masa. Wanda ya riga ya kamu kuma, a daina kulle shi a ɗaki ana hana shi ruwa da abinci. A kai shi a duba, a ba shi bitamin A, don ƙyanda tana makantar da yaro, tana kuma sauka a ƙirji.

Amma ba kowane ciwo ne ake raba yaro da 'yan uwansa a kansa ba. Kala'azar, da Gadarif ta daɗe tana fama da ita, ɗan ƙaramin ƙwaro ne ke kawo ta, wanda ke zama a tsagin baƙar ƙasa da dazukan talha da aduwa, yana cizo daga faɗuwar rana. Ba a ɗaukarta ta moɗa ko ta gaisawa. Yaron da zazzaɓi ya wuce masa mako biyu, maganin maleriya bai yi ba, yana ramewa, ciki na kumbura ta gefen hagu, gwaji yake bukata ba tsangwama ba. Tana warkewa in an yi magani, in an bar ta kuwa yawanci kisa take yi. Almajiran da ke kwana a tsakar gida lokacin zafi a rataya musu gidan sauro mai magani.

Na ji wani malamin halwa yana cewa shi ba likita ba ne, karatu aka ba shi amana. Malam, da yaron da karatun aka haɗa maka. Abin da ake nema a wurinka kaɗan ne: littafi ɗaya da za ka rubuta sunan duk yaron da ya kwanta, da ranar, da abin da ke damunsa, da lambar wayar uba ko ta wani ɗan uwa da ba ya tafiya kiwo. In ka ga yara biyu ko uku da ciwo iri ɗaya a mako ɗaya, ka sanar da ofishin lafiya na mahalliya a ranar, kada ka bari sai an yi jana'iza.

Ku kuma iyaye, kafin rugar ta tashi bana, ku bar wa malam lambar da za ta shiga. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan sanƙarau da shirin shigowar zafi.